Kowace Iska da Rawarta

Shekarun baya, lokacin da ɗiyata ta fari take karatu a ƙasar Turawa, na cinye damina guda cur ina zarginta a zuciyata. Yanzu abin ya zama na dariya a gidanmu, ƙannenta har kwaikwayona suke yi. Amma a lokacin ko tuwo ba ya wuce mini da daɗi.

Bayan ta gama iniversite a Yamai ne ta samu bursu, wato tallafin karatu. Da na tambaye ta abin da za ta je karantawa, sai ta ce ƙura. Wai akwai wata ƙura can tsakanin taurari, mai ƙanƙara a jikinta, ita za ta bincika. Matan unguwarmu a nan Dutsi sun sha dariya. Wata ta ce in dai ƙura ce, a ba ta tsintsiya ta fara da tsakar gidansu, ba sai ta hau jirgi ba. Mijina kuwa bai so tafiyar ba ko kaɗan. Ni na yi ta lallashinsa har ya sakko. Ranar da ya amince, abin da ya ce mini shi ne: tunda ni na tsaya mata, duk abin da ya biyo baya ni zai tambaya.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, kuma da Hausa na koya. Ina ji da shi ƙwarai. Shi ya sa na kafa wa yarinyar nan doka tun tana lakkwal, 'yar makaranta: in za ki yi magana da ni, ki yi mini Hausa tsantsa, ba na son rabi Hausa rabi Faransanci. Da ta tafi na ƙara jaddada mata. Na ce ta riƙa turo mini murya ta waya tana ba ni labarin aikinta, yadda in mata sun tambaye ni zan samu abin faɗa da ya wuce ƙura.

Wata ranar kasuwa da hantsi muryar ta shigo. Ina zaune ina ƙulla zoɓo a leda, don sana'ata ke nan, ina da firigo guda da nake daskarar da zoɓo da ruwan citta. Wayata ta daɗe da lalacewa ta wajen kunne, sai na buɗe ta kowa ya ji. Ga ƙanen mijina tsaye a bakin ƙofa, ya zo ɗaukar zoɓon da yake sayarwa a shagonsa. Ga abin da muka ji:

“Inna, kin ce in faɗa miki aikina da Hausa, to ga shi. Muna da wani ɗaki, a ciki akwai tukunyar ƙarfe rufaffiya. Mukan sanyaya cikinta har ya wuce duk wani sanyi da kika sani. Sai mu shigo da iskoki ɗaya bayan ɗaya, su sauka, su hau kan abin da muka ajiye musu, su lafe. In biyu suka haɗu sai su haifi wata sabuwa. Ba a ganinsu da ido, amma kowace iska da rawarta, da rawar muke gane wadda ta zo. Jiya wuni na yi ina jiran ɗaya, sai da yamma ta bayyana. Har guɗa na yi ni kaɗai.”

Ledar da ke hannuna ta suɓuce, zoɓo ya malale mini a zane.

Wanda ba ɗan Arewa ba zai ce mene ne a ciki. Mu nan, in aka ce iska ta sauka ta hau, kowa ya san ba iskar hadari ake nufi ba. Kuma kowa ya san a wajen wasan bori da rawa ake gane wadda ta zo. Ni kuwa na fi kowa sani, don mahaifiyata 'yar bori ce daga wani ƙauye kusa da Lugu. Na buɗe ido na ga doguwa tana hawanta, na ga ana yafa mata zanen iskar, na ji atishawar da take yi in za a sauka. Ta bar abin kafin rasuwarta, ni kuma ban taɓa shiga ba. Amma dangin mijina ba su manta daga inda na fito ba, ko da ba su faɗa.

Ƙanen mijin nawa ba mugun mutum ba ne. Matashin ɗan kasuwa ne mai yawan zuwa wa'azi, mai tsananin gudun duk abin da ya shafi tsafi. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, “Matar yaya, kin ji abin da na ji?” Na ce wataƙila ba haka take nufi ba. Ya ce to yaya take nufi? Ya ɗauki kulansa na zoɓo ya fita, ko ƙirga ledojin bai yi ba.

Kafin magariba maganar ta isa kunnen mijina. Shi mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya sa na sake kunna masa, ya saurara yana jan gemu. Ƙanensa yana gefe yana cewa abin gida ne ya bi ta har can, inda babu mai tsawata mata. Bai kalle ni ba da ya ce abin gida, amma na ji shi har cikin ƙashina. A ƙarshe mijina ya yanke: za ta zo hutu ƙarshen damina, kada kowa ya ce mata komai kada ta ƙi zuwa. In ta zo zai karɓi fasfonta, a yi mata ruƙiyya, kuma ta gama komawa.

Za ku ce me ya hana ni ɗaukar waya in tambaye ta. Ɗiyar fari ce. Ko sunanta ba na kira. Tun tana goye kakarta ta wajen uba ce mai wasa da ita, ni sai dai in kalle ta ta gefen ido. Muryar da nake sa ta turo ma, don ba fuska da fuska ba ne shi ya sa nake iyawa. Ta yaya zan buɗe baki in ce mata, ke, bori kike yi? In ta ce a'a na ci mata fuska. In ta ce e, ban san inda zan sa kaina ba.

Sai na koma mai bincike, ni da ba a ɗauke ni aikin jandarma ba. Na bi duk hotunan da ta taɓa turowa ɗaya bayan ɗaya. Ga ta da farar riga har gwiwa, kowa a ɗakin da irinta. Na ce to, ga anko. Ga ta ta rame. Ga wani tabo a yatsarta, wanda ta taɓa ce mini wai sanyi ne ya ƙona ta. Sanyi ya ƙona mutum? Na tuna kuma tun tana ƙarama in an shimfiɗa tabarma a waje, sauran yara na wasa, ita tana kwance ta ƙura wa sama ido, tana ƙirga taurarin Kaza da 'ya'yanta. A da ina cewa natsuwa ce. Yanzu sai na ce ashe tun lokacin ake kiranta.

Ana cikin haka wata muryar ta shigo. Wannan karon na shige ɗaki na rufe ƙofa, na danne wayar da filo. Cikin murna take cewa aikinsu ya yi kyau, iskokin sun haɗu a cikin ƙanƙara har sun ba su barasa. Na goge muryar nan da sauri. Ban gaya wa kowa ba.

Da abin ya ishe ni, na ce wa mijina zan je gaida yayar mahaifiyata, wadda har lokacin tana can ƙauyensu kuma ba ta bar bori ba. Na hau kabu-kabu, muka yi ta kutsawa cikin rairayi, hatsi ya fi mu tsawo hagu da dama. Na same ta a gindin gawo tana ɓarar wake. Bayan gaisuwa na kunna mata muryar farko. Ta sa na maimaita. Sannan ta fara yi mini tambayoyi kamar likita.

“Wa ka yi musu kiɗi?”

Na ce ban ji ta ambaci makaɗi ba.

“Mi taka yanka musu?”

Na ce ban sani ba, Iya.

Ta taɓe baki ta ce iskar da ba a yi wa kiɗi, ba a yi wa yanka, kuma a rufe ta a tukunya ta yarda ta zauna, wannan ba tasu ba ce. Doguwar gidanmu ko ɗaki mai ƙyaure ba ta so, balle tukunya. Har na fara sauke numfashi. Sai ta ƙara da cewa, sai dai in Babule ne, iskokin nan masu shigar soja da son kayan Turawa. Su ne ke wasa da wuta, kuma wasunsu ba sa ƙin kwalba. Ta tambaye ni ko na ga alamar ƙuna a jikin yarinyar. Na tuna yatsa, na tuna barasa.

Da zan tafi ta sa wani maƙwabcinta ya zuba mini kiɗan garaya a waya. Ta ce in yarinyar ta zo, in kunna kusa da ita ba tare da na ce komai ba. In tana da su, ba za ta iya zama ba.

Yarinyar ta iso ana fara yankan hatsi. Ta yi haske, ta rame, ta kawo wa kowa tsaraba. Washegari ubanta ya ce ta kawo fasfonta ya ajiye mata kada yara su yi wasa da shi. Ta miƙa masa da hannu biyu, tana godiya. Na juya na shiga madafa.

Daga nan na sa mata ido. Tana sallarta a kan lokaci, amma na ce ai mahaifiyata ma tana yi. Ta ƙi shan fura mai tsami, na ce ga ƙa'idar iska. Wata rana ina daka yaji ta yi atishawa sau uku a jere, taɓaryar ta kusa faɗo mini a ƙafa. Ban tsaya na lura cewa ni ma atishawar nake yi ba.

Ranar gwaji, muna zaune da rana muna tsinke zogala, mu biyu kaɗai. Na laluba wayar a ƙarƙashin zane na kunna. Garaya ta ɗauka. Ina kallon kafaɗunta, ina kallon idonta, ina karanta duk addu'ar da na iya. Ta ci gaba da tsinke ganye. Can sai ta ɗago ta yi murmushi, ta ce, “Inna, wannan ai kiɗan su kaka ne. Ina kika samo shi? Don Allah ki tura mini, ina marmarinsa a can.” To ku gaya mini, wannan ta ci gwaji ne ko ta faɗi? Ba ta faɗi ƙasa ba, amma tana marmari. Na kwana ban san inda zan ajiye maganar ba.

Ƙanen mijina kuwa ya riga ya yi magana da mai ruƙiyya, an sa ranar Juma'a. Ita ba ta san komai ba, tana ta lissafin abin da za ta koma ta tarar a ɗakin aikinsu.

Ranar Laraba da safe na kashe firigo don in kankare farin ƙanƙarar nan da ke taruwa a bangonsa. Ta zo ta riƙe mini roba. Na sunkuya, kaina da kafaɗuna duk suna cikin firigon, ba na ganin fuskarta, ba ta ganin tawa. A nan ne bakina ya buɗe. Da bangon firigo na yi magana. Na ce, “Waɗannan iskokin naki, wa ya haɗa ki da su?”

Ta ce malamarsu ce, wata dattijuwa. Na ce ita ma hawanta suke yi? Na ji an ajiye roba a ƙasa. Sai dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi a gabana ba, har ta zauna dirshan. Ni dai ban fito da kaina ba, duk da kunnuwana sun fara ƙanƙarewa.

“Gaz, Inna. Gaz nake nufi. Irin na kwalbar girki, irin wanda muke shaƙa. Ke kika hana ni Faransanci. Na wuni ina neman kalmar da Hausa, ban samu wata ba sai iska.”

Na fito. Na gaya mata komai: maganar baban nata, fasfo, Juma'a, har tafiyata ƙauye da garaya. Dariyar ta tsaya cak. Ta kalli hannunta mai tabon, ta ce a hankali, “Tun da na zo, kallon da kike yi mini ke nan?” Wannan tambayar ta fi sanyin firigon shiga jikina.

Ta ce kada in ƙarasa kankarewa, in mayar da wuta. Bayan la'asar ta je da kanta ta durƙusa ta roƙi babanta da ƙanensa su zo su ga wani abu. Suka zo suka tsaya a kan firigona, abin da ba su taɓa yi ba.

Ta nuna farin da ke bango ta ce, “Baba ƙarami, wa ya zuba ruwa a nan?” Ya ce babu. Ta ce to daga ina ya zo? Ya ce ita za ta faɗa, tunda ita ta tara mutane. Ta ce daga iskar ɗakin nan ne. Duk buɗewar da Inna ke yi, iska na shiga da damshinta, ta taɓa bango mai sanyi, ta manne, ta kasa tashi. Ta ce aikinta ke nan gaba ɗaya, sai dai nata sanyin ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Sannan ta yi mana bayanin sama. Ta ce farin zanen nan da ke ratsa sararin sama da dare, akwai wurare baƙaƙe a jikinsa kamar an yage. Ba rami ba ne, gajimare ne na iska da ƙura, ya tare hasken da ke bayansa. Ƙurar ta fi ta hayaƙin fitila ƙanƙanta, wata kamar rairayi, wata kamar gawayi. Wurin yana da faɗi ƙwarai, ƙwayoyin iska ba sa samun haɗuwa, in ma sun yi karo sai kowace ta wuce. Amma in suka faɗa kan ƙwayar ƙura mai sanyi, sai su manne. Masu sauƙin cikinsu su riƙa rarrafe a kai har su ci karo da wata su haɗe. Ta ce kamar rijiya ce a daji: ba don ita ba, matan rugage ba za su taɓa sanin juna ba. A haka ruwa ke samuwa a jikin ƙurar, ya daskare, wani ya hau kan wani. In gajimaren ya dunƙule ya haifi tauraro, zafi ya narkar da wani sashe, wani kuma ya tsira cikin duwatsun da za su zama duniyoyi. Rawar kuwa, ta ce kowane irin gaz yana da yadda ƙwayarsa ke girgiza in an haska masa wani haske da ido ba ya gani, na'ura ce ke zana musu, su karanta.

Da bakinta ta kawo maganar barasa, ni ina ta yi mata ido. Ƙanen mijina ya gyara tsayuwa ya ce, barasa kuma, a sama? Ta ce wata iri ce mai makantar da wanda ya sha, ba ta mashaya ba, kuma wadda suke samu a tukunyarsu ko bakin allura ba za ta jiƙa ba. Ya ce shi dai zai tambayi malamai. Ya ce kuma ta karanta masa Ayatul Kursiyyu yanzu a gabansa. Ta karanta, ranta a ɓace, har ƙarshe. Ya ce to, alhamdu lillahi, amma da ta ce gaz tun farko da duk ba a yi haka ba. Duk suka juyo suka kalle ni.

Mijina kuwa sai ya miƙa yatsa ya lakato farin nan ya kai baki. Ya ɗan ɓata fuska ya ce citta yake ji. Yarinyar ta ce yawwa, Baba, iskar cittar Inna ce ta hau ƙanƙarar ta zauna, haka muke kama su. Ya ce to amfanin wannan wahala fa? Ta nuna randar da ke gindin bango. Ta ce suna son su san inda ruwa ya fito. Ta ce bisa abin da masu binciken suka gano, wani sashe na ruwan da ke cikin randar nan a jikin waccan ƙurar ya fara zama ruwa, tun kafin Allah ya kunna ranar da ke kanmu.

Ya daɗe yana kallon randar. Ya ce ikon Allah ya wuce nan. Ya saka takalmansa ya tafi masallaci.

Washegari da safe na ga fasfon a kan murfin firigo. Na ce wa mijina ga abin yarinya ya manta. Ya ce bai manta ba: ni na tsaya mata, ni zan miƙa mata. Na kai mata ɗaki na ajiye a kan jakarta, ban iya haɗa ido da ita ba, na ce ta riƙa sa safar hannu. Ranar Juma'a mai ruƙiyya ya zo, tunda an riga an kira shi. Ya ci tuwo, ya yi wa gida addu'a, ya tafi da zoɓo.

Ta koma, ta gama, yanzu ita ma tana koyar da wasu. Na sassauta dokata a kan kalma guda: an yarda ta ce gaz. Abin da na riƙe daga wannan damina shi ne, na zaga har ƙauye, na binciki hotuna, na yi wa ɗiyata tarko da garaya, alhali tambayar ba ta fi numfashi ɗaya ba. Har yau ba na kiran sunanta. Amma in wani abu ya tsaya mini a rai game da ita, nakan nemi abin da zan sunkuya a kai, in tambaya.

Sai dai akwai maganar da ban taɓa kai wa mijina ba. Bayan an kwana biyu na koma ƙauye na ba Iya labarin yadda aka ƙare, ina dariya, ina cewa ashe duk ba abin da muke zato ba ne. Ta saurare ni har na gama, tana ɓarar wakenta. Sannan ta ce, “To. Abin da ba a gani taka jira wuni guda, shi zo, ta gane shi ga rawa, ta yi guɗa. Ku dai kun sake mishi suna.”

Na ce Iya, ba haka ba ne. Ta ce ita ma ba ta ce haka ne ba.

Garayar nan kuwa, ranar da yarinyar za ta tafi ta sake roƙona, na tura mata. Ta ce tana kunnawa a ɗakin aikin in jira ya yi tsawo. Ban tambaye ta ko suna saurin zuwa ba.